Wandon Kaki a Tafkin Bosomtwi

Ko duk abin da ya same ni a shekarun hamsin ya ɓace mini, ba zan taɓa mantawa da tafiyar da muka yi zuwa tafkin Bosomtwi ba, ni da maiɗakina Ramatu da 'ya'yanmu uku da ƙanenta Iro. In ma na so in manta, mutanen Zangon Kumasi ba za su bar ni ba.

Ni tela ne. Lokacin ina da kekena a wata rumfa bakin titi, ina ɗinka riguna da wanduna irin namu, masu faɗi da zariya. Iro kuwa tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo, ya zama makaniki a unguwar Suame. Dogo ne, yana da tabo a goshi, ya iya fito da yatsu biyu, kuma bai taɓa rasa labari ba. Ran Juma'a yake zuwa gidanmu. Ni da nake cika cikin yaran nan, in na shigo sai a ce "sannu Baba" ba a ko ɗago kai daga kwano ba. Amma Iro ya yi gyaran murya a ƙofar gida, sai ka ga an bar tuwo an ruga. Babban ɗana Ɗanjuma har tafiyarsa ta koma irin ta kawunsa. Ladi tana ɓoye masa ƙosai. Autanmu Tanko kuwa kowa ya gani sai ya sara masa, har akuyar maƙwabta.

In faɗi gaskiya, kishi nake yi. Ƙato da gemuna, ina kishin ƙanin matata a kan 'ya'yan cikina. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne a ƙasar Asante muke zaune, inda ɗa na kawunsa ne, wanda suke kira wofa. Akwai wani kafinta Ba'asante kusa da rumfata, duk sanda ya ga Iro ya wuce da yaran sai ya leƙo ya ce, "Kramo, ga mai 'ya'ya can ya zo. Kai dai riƙo kake yi." Kramo shi ne sunan da suke kiran kowane Musulmi. Ina dariya a baki, allura kuwa tana sukata a yatsa. Mafi muni, Iro bai taɓa yi mini laifi ba. Yaya yake ce mini, yana rusunawa in zai gaishe ni, tsokanarsa ba ta wuce wadda ƙanin mata ke yi wa mijin yayarsa ba.

Maganar tafki daga makaranta ta fito. Malamin su Ɗanjuma ya ce musu can kudu da gari akwai bakin wani dutse da ya taɓa aman wuta, ya mutu, ruwa ya cika ramin (daga baya na ji wasu sun ce ba haka ba ne, wai wani abu ne ya faɗo daga sama; ni dai ban ga ko ɗaya ba). Iro ya ce ai yana da tanti tun na soja, a je a kwana a bakin ruwan. Na ce mu ba Turawa ba ne, mai ɗaki da rufi ba ya zuwa daji ya kwana don nishaɗi. Na ɗauka an gama. Sai da yamma ina alwala a tsakar gida na ji Ɗanjuma yana ce wa uwarsa, "Mma, in Baba bai zuwa ba komai. Kawu ya isa."

Washegari na sayo yadin kaki.

Na ajiye ɗinkin mutane na ɗinka wa kaina kayan soja, riga mai maɓallan tagulla da gajeren wando mai gidan bel, irin na Iro sak, sai dai nawa sabo ne. Ban taɓa sa wandon da ba zariya ba, kuma tela ba ya gwada kansa, ido yake sawa. Idona ya ba ni ƙugun da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na ce ba komai, bel zai riƙe. Ramatu ta kalle ni a cikin kayan, ta daɗe tana kallon ƙaurina da rana ba ta taɓa gani ba, sannan ta ce, "Malam, sai dai in saka maka rigarka da wandonka a cikin kaya." Ta saka. Da ta juya na zare su na mayar ɗaki, don na taɓa jin Iro yana cewa soja ba ya yawo da tarkace.

Lori muka shiga har Kuntanase, daga nan sai ƙafa. Aka bi ta cikin gonakin koko ana hawa, ana hawa, ina haki ina cewa yanayin wurin nake dubawa. Da muka kai ƙololuwa sai ga shi a ƙasa: ruwa zagaye kamar an zuba shi a ƙwarya, duwatsu masu duhun itatuwa sun kewaye shi ta ko'ina. Yaran suka tsaya cak. Ni ma ya burge ni, har na buɗe baki zan faɗi wani abu mai ma'ana, sai na ga dukansu ukun fuskar Iro suke kallo, suna jiran abin da zai ce.

Gangarawar ta fi hawan wuya. Iro ya saɓa Tanko a wuya, tanti a baya, yana fito. Ni na ɗauki tukunya don a san ana tare da namiji, na zame na zauna a kan jar ƙasa har sau nawa ban ƙirga ba, kuma duk zamewar sai tukunyar ta sanar da ƙauyen da ke ƙasa. A ƙauyen muka je gaida wani dattijo, shugaban masuntan wurin, don neman izinin kafa tanti. Ya tambaya wane ne wane. Da aka ce Iro ne wofan yaran, sai ya sa aka kawo masa kujera mai kyau, ya riƙe hannunsa yana yaba masa kyan 'ya'ya. Ni aka nuna mini wani kututture.

Iro ya kafa tanti kafin in gano inda ƙofarsa take. Ya hura wuta, ya gasa kifin da aka ba mu, ya koya wa Ladi cire ƙaya. Bayan magariba ana zaune ana kallon ruwa, zuciyata ta cika, sai na ji bakina yana cewa, "Wannan ai ba ruwa ba ne. Mu mutanen Yawuri ne, jinin masunta. Kakana da kada yake kokawa a kogin Kwara."

Gaskiyar da ke ciki ita ce ubana daga Yawuri ya zo, da jakunan fataucin goro, tun ba a haife ni ba. Ni a Zango aka yanke cibiyata, kuma ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kwatar bayan gidanmu ranar da aka yi ambaliya. Ramatu ta san haka. Ta ci gaba da gyara wa Tanko mayafi.

Da safe muka ga yadda ake su a wurin. Ba kwalekwale ko ɗaya. Al'adarsu ta hana jirgi a tafkin, ta kuma hana ƙarfe taɓa ruwan. Kowane masunci a kan wani dogon falankin itace yake zama, ƙafafu a cikin ruwa, sakaina a kowane hannu yana tuƙi da ita, yana tafiya sumul kamar a kan tabarma yake. Ɗanjuma ya ce, "Kawu, hau mu gani." Iro ya zagaya falankin, ya taɓa shi da ƙafa, ya girgiza kai.

"A'a. Wannan ya fi ƙarfina paa. Ni sojan tudu ne."

Wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, Allah ya yafe mini. Yau ga abin da Iro bai iya ba. Kafin in gama jin daɗin, Ɗanjuma ya juyo ya dube ni da irin kallon da shekara da shekaru nake jira, ya ce, "Baba za shi iya. Shi ɗan Yawuri ne."

Ramatu ta ce a hankali, "Malam, shayinka zai huce." Hanya ce ta buɗe mini, na gan ta sarai. Amma yaron yana kallona, kuma da in mayar da wannan kallo wurin Iro gara in sha ruwan tafkin duka.

Dattijon nan ya yarda a ba ni aron falanki, amma ya nuna maɓallan rigata ya kaɗa yatsa. Na tuɓe riga. Ya nuna ƙarfen bel ɗina. Na tsaya. Ya ce, "Kramo, ƙarfe ba ya shiga." Na zare bel na miƙa wa Ladi, na damƙe ƙugun wandon da hannun hagu, na taka cikin ruwa ina tafiyar ƙasaita (kada ka tambaye ni abin da ke ƙarƙashin wandon, a zamanin nan ba kowa ke ninka biyu ba). Matan ƙauyen da ke wanke-wanke a gefe suka dakata suna kallo.

Na hau. Wani saurayi ya riƙe mini falankin, ya miƙo sakaina biyu. A nan na gane cewa tuƙin nan hannu biyu yake so. Na saki wando na karɓa. Ya tunkuɗa ni. Na ɗan yi gaba, wallahi na yi, har na ji Tanko yana tafi. Sai na waiwaya don in tabbatar Iro yana gani.

Falankin ya juye.

Ban san sama ba, ban san ƙasa ba. Na sha ruwa, na yi shure-shure, na kira sunan Allah, na kira sunan uwata da ta daɗe da rasuwa. Kuma tunda na ɗauki alkawarin gaskiya, na kira sunan Iro, da ƙarfi, ba sau ɗaya ba. Cikin wannan hali na ji muryar Ladi daga bakin gaɓa, ba ko gaggawa a cikinta: "Baba, ka miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwan iya cinyata ne. Wandon kuwa ya yi nasa wuri.

Shirun da aka yi bai daɗe ba, amma ni na tsufa a cikinsa. Wata tsohuwa ta saki ƙwaryar da take wankewa. Ramatu ta rufe idon Ladi da tafin hannu. Tanko, da yake an koya masa girmama manya, ya ƙame ya sara mini. Na koma na tsuguna cikin ruwa har wuya, sakaina biyu a hannuna, sannan dariya ta ɓarke tun daga kan matan har dattijon, wanda sai da aka riƙe shi. Samari suka yi ta lalube da ƙafa, ba a ga wando ba.

Iro ne kaɗai bai yi dariya ba, kuma na ji haushin hakan ma. Ya buɗe jakarsa ya ciro wani wandon kaki a ninke (ashe sojan yana yawo da tarkace), ya shigo ruwa ya miƙo mini. "Yaya, sa wannan." Na dubi wandon, na dubi Ɗanjuma da ya sunkuyar da kai. In koma gida a cikin wandon Iro? Na ce Ramatu ta ba ni zanen da aka lulluɓe Tanko da shi. Zane ne mai manyan furanni ja da rawaya. Iro ya ce yoo, wato to, ya kare ni da jikinsa, ya ɗaura mini shi ta kafaɗar hagu yadda mazan Asante suke yi, don kada a ce na yi ɗaurin mata. Da wannan shiga na sauka daga lori a Zango, kuma daga ranar kafinta ya daina ce mini Kramo, ya koma ce mini Nana, kamar wani basarakensu.

Amma kafin lori akwai hawan dutsen nan. Na bari kowa ya yi gaba, don ba na son ganin fuskar kowa. Ƙaya tana kama zanen, ina ja, kafaɗa tana zamewa. Can sai na ji an ɗage bakin zanen ta baya. Ɗanjuma ne ya dawo. Muka yi ta hawa a haka, shi yana riƙe, ni ina haki. Da muka tsaya hutawa ya ce, "Baba, Kawu ma bai hau falankin ba. Kai ka hau."

Idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, ashe wandon bai tafi a banza ba. Na dafa kansa na ce, "Kai ka yi wannan tunani?"

"A'a. Kawu ne ya ce in zo in faɗa maka."

Na janye hannuna daga kansa. Sannan na ce, "Riƙe zanen fa, shi ma shi ya ce?"

"A'a," in ji shi. "Wannan ni na gani za shi faɗi."

Bai saki ba har muka kai sama. Abin da na koya ke nan, kuma ban ce na koye shi duka ba, don har Iro ya tsufa ina jin wani abu in jikokina suka ruga wurinsa. Yaro yana da wanda yake kallo, yana kuma da wanda yake rufa wa asiri, kuma ba dole su zama mutum ɗaya ba. In kuma kishi ya ci ƙarfinka har sai ka yi gasa, to ka yi ta a cikin wandonka mai zariya.