Firijin Aro a Gidan da Babu Wuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mayar da gidanmu na unguwar Atrone gidan masu kuɗi ba. Yini guda na yi ina wannan aiki, kuma in gaya muku gaskiya, na iya. Iyawar ce ma ta kusa kashe ni.

Shekarar da na ci bak ce, wato jarrabawar gama sakandare, da sakamakon da har yau in na tuna sai na gyara zama. Wata makarantar likitancin dabbobi a Dakar ta ba ni gurbi. Ni 'yar mahauci ce, na san hanta mai cuta da mai lafiya tun kafin in iya rubuta sunana, don haka ban ga wanda ya fi ni cancanta ba. Abin da ya rage kuɗi ne. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, Inna ce ke riƙe da mu da dambun naman da take yi ana kai wa masu shaguna a unguwar Klemat.

Babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Tallafin gwamnati, masu nema sun fi kujerun yawa, sunana bai fito ba. Banki ya ce in kawo takardar fili ko wani mai albashi ya tsaya mini, mu kuwa haya muke. Wata ƙawata ta ce in tafi kawai in riƙa aiki ina karatu, Inna ta ce ba 'yarta ba. Karsanar da kakana ya ba ni ranar sunana kuwa, tun jinyar Baba aka sayar da ita. Sai wata gidauniya mai zaman kanta, wadda ke biya wa ɗalibi kuɗin makaranta da masauki har da jirgi. Na rubuta jarrabawarsu, na zauna hira da su, Faransancina ya yi ta zuba babu tuntuɓe. Can sai suka bugo waya: mataki na ƙarshe, za su zo gida su ga iyalina. Idan wannan ta kufce, Dakar ta kufce, babu wata hanya.

Nan fa kaina ya fara aiki. Na san tallafin na marasa ƙarfi ne, da idona na karanta. Amma na ce a raina ai wannan zancen takarda ne. Wa zai ɗauki yarinya daga ɗakin da ke yoyo ya kai ta Dakar ta wakilce shi? Kuma mu a wurinmu baƙo ba ya ganin ramar gida. Ko suna ne, ko zuwan surukai, maƙwabta ne ke haɗa maka falo. Kowa ya sani, kowa yana kau da kai.

Inna ta ce, "Ke dai mu share tsakar gida, mu shimfiɗa tabarma, in dafa musu shayi. Abin da Allah ya hore ke nan."

Na ce, "Haba Inna, bar mini wannan. Mutanen ofis ne, ni na san halinsu." (Mutumin ofis ɗaya na sani a duniya lokacin, shi ne sakataren makarantarmu.)

Na fara da Hajiya Zenaba, maƙwabciyarmu da mijinta ke kawo kaya daga waje. Ta ba ni darduma mai laushi, kujeru na alfarma, har da ƙaramin firijinta. Talabijin na ɗauko daga gidan wani tela. Labulaye na wata amarya ne, wani na rataya a taga, wani na ɗaure shi a sama ya rufe kwanon rufin. Lafaya da 'yan kunnen zinariya na 'yar gwaggona ne. Matsala ɗaya: gidanmu ba a ja masa wuta ba. Amma wannan ba ta kai ta tsayar da ni ba. Na sayo ƙanƙara na jibga a cikin firijin, na jera kwalaben zoɓo a kai. Igiyar talabijin kuma na tura ta bayan labule. Na tsaya na kalli ɗakin, wallahi sai da na yaba wa kaina.

Saura namiji babba da zai zauna a matsayin uba. Na kira Kawu Idrisa, ƙanen Inna, dillalin shanu da ke zaune a unguwar Marjandafak. Ya zo da babbar motar maigidansa, ya ajiye ta daidai bakin ƙofa, ga cinyar rago a leda.

Na ce, "Kawu, don Allah in sun tambaye ka, kada ka nuna mu ƙananan mutane ne."

Ya gyara hularsa ya ce, "'Yata, ni za ki koya wa tallar kaya? Ni da ke sayar da ramammen sa a kuɗin ƙosasshe?"

Da hantsi suka iso, su biyu: Madam Ashe, doguwa mai tabarau, da wani dattijo, Misye Abakar, rungume da kwamfuta. Na tarbe su ina walƙiya. Na buɗe firiji a gabansu, a hankali, don su gani da kyau, na zuba musu zoɓo mai sanyi. Hajiya Zenaba ta shigo wai gaisuwa, alhali ta zo ganin yadda kayanta suka zauna ne. Wasu matan unguwa suka tsaya a bakin ƙofa. Inna tana gefe.

Da Larabci ake hirar, kamar yadda aka saba a garinmu. Madam Ashe ta tambayi Kawu sana'arsa.

"Shanu, Madam. Shanu! Waɗanda ke wucewa ta hannuna a kasuwa guda, ni kaina ba na iya ƙirga su." (Bai yi ƙarya ba. Wucewa suke yi. Ko wutsiya ɗaya ba tasa ba ce.) Ya ƙara da cewa wannan yarinya ba ta taɓa neman abu ta rasa ba. Ni kuma ina gyaɗa kai, 'yan kunne suna lilo.

Madam Ashe ta ajiye kofinta. Ta kalli dardumar, ta kalli firijin, ta leƙa motar ta taga. Sannan ta yi mini murmushi mai kyau, ta ce, "Masha Allah. Sakamakonki ya burge mu ƙwarai. Amma jiya mun je gidan wata yarinya, a ƙasa muka zauna. Gurabenmu kaɗan ne. Ke kam, tunda kawunki na nan, Dakar ba za ta gagare ki ba."

Jama'a, na ji zufa ta keto mini tun daga tsakiyar kai. Kawu ya ci gaba da murmushi, shi a zatonsa ciniki ya faɗa. Misye Abakar ya fara rufe kwamfutarsa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Madam, firijin ba namu ba ne."

Na nuna Hajiya Zenaba da hannu, na ci gaba.

"Na Hajiya ne, ga ta nan. Kujerar da kike kai ma tata ce. Talabijin na tela ne. Labulen na amarya."

Ta sauke tabaranta ta dube ni daga sama har ƙasa. "Lafayar fa?"

"Har lafayar."

Wata a bakin ƙofa ta ƙyalƙyale da dariya, aka ja ta waje. Kawu ya ce, "Motar dai..." sai ya haɗiye sauran. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ko tsaya cire 'yan kunnen mutane ba.

Madam Ashe ta girgiza kai. Ta ce sun sha ganin masu kwashe kaya su ɓoye kafin su zo, amma masu aro ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta san wanne za ta yarda da shi ba. Sai Misye Abakar ya ajiye kwamfutarsa. Ya tashi ya bi igiyar talabijin da hannu har bayan labule, ya fito da kanta yana reto, ya duba bango sama da ƙasa bai ga inda ake sokawa ba.

Sai Inna ta miƙe. Ku fahimce ni: Inna mace ce da za ta ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don kada maƙwabta su gane ba a girki. Tun rasuwar Baba ba wanda ya taɓa jin ta ce babu. Ita ce ta sunkuya, a gaban Hajiya Zenaba da matan unguwa, ta kama bakin dardumar ta fara naɗewa. Baƙi suka ɗaga ƙafafunsu. Simintin ya fito, duk ya farfashe, ga zagayen baƙi-baƙi inda muke tara bokitai da damina. Ta kai hannu ta fizge labulen sama, rana ta shigo ta hujojin kwano.

Ta ce, "Ga gidanmu. A nan yarinyar nan ta yi karatunta, da fitilar waya. Kunyarku ta ji, ni ma ina ji. Amma in kunyata ce kuɗin jirginta, to na biya."

Na fashe da kuka, kuka mai majina, a cikin lafayar mutane. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa son Inna kamar ranar ba.

Ta ɗauko tabarmarmu ta shimfiɗa, ta dafa shayin da tun farko ta ce a dafa. A ƙasa aka ƙarasa hirar, Kawu bai sake ambaton shanu ba. Da yamma ni na bi gida-gida ina mayar da kaya, ana tambayata wai ya baƙi.

Bayan 'yan makonni suka bugo waya, na samu. Na je Dakar, na gama, na dawo, yau ni likitar dabbobi ce. Amma a Atrone ba mai ce mini Dakta. Hajiya Firiji suke kirana, har yaran da ba a haifa ba lokacin.

Abin da na koya shi ne, in za ka je neman taimako, ka je da kayan jikinka. Da na fara albashi na ja wa Inna wuta, na saya mata firiji nata na kanta. Ba ya zama a gida, kullum yana yawon aro, yanzu haka yana gidan wata da surukanta za su zo. Ban taɓa hanawa ba. Tambaya ɗaya kawai nake yi kafin a ɗauka: su waye baƙin, kuma me suka zo gani?