Igiya Huɗu a Bakin Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ce "tabbas" a Panyu ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni fa ko ƙarfe nawa aka tambaye ni, sai na ce "ina jin". Rana ɗaya tak na saki baki.

Lokacin ina yi wa 'yan kasuwa tafinta a Guangzhou ta ƙasar Sin, digirina na tarihi yana ƙasan akwati. Sai Alhaji Sabo, Bakano mai sarin yadi, ya ce amininsa na Abuja yana tara kayan sojan ruwa na da, kuma wani dillali ya turo masa hoton kwat ɗin hafsan Ingila.

"Kai ne ɗan boko, ka duba mana. In ka iya, duk harkarsa ta nan kai za ka riƙe."

Sati biyu ina karatu. Na haddace cewa igiya huɗu ta zaren zinariya a bakin hannu, ta saman da zobe, kyaftin ke nan. Na koyi bambanta kambin sarki da na sarauniya a jikin maɓalli, don gane shekarun riga. (Har gilashin ƙara girma na saya a titin Huanshi Lu, don tsabar neman suna.)

Muka je shagon da kwat ɗin yake a unguwar Panyu, ni da Alhaji da abokinsa Isufu, mutumin Maraɗi. Mai shagon, wata dattijuwa, ta shimfiɗa kwat ɗin. Na ƙirga igiyoyi, na shinshina wuya, na ga maɓallan har sun yi kore.

"Kyaftin ne, Alhaji. Kambin sarki ne kuma. Rigar nan ta girmi duk wanda ke ɗakin nan."

"Ka tabbata, Malam?"

"Tabbas."

Nan take Alhaji ya kira aminin nasa ta bidiyo, na maimaita masa, har da ƙari. Ina cikin bayani matar ta taɓa Alhaji, ta yi masa tambaya da Sinanci.

"Me ta ce?"

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: ni ne tafinta, da bakina zan faɗa. "Kamar dai... wai guda nawa kake so."

Ta ja labule. Kwat-kwat reras, manya da ƙanana, kowanne kyaftin, ga wani ma'aikaci yana goga wa maɓallai wani ruwa don su yi kore. Masu shirya fim take ɗinka wa. Ba ta yi mana ƙarya ba, ni ne ban tambaye ta komai ba.

Isufu ya riƙe ciki don dariya. "Alhaji, a sai wa Malam na adimiral, ya cancanta!"

Na Abuja ya kashe waya. Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ba komai, Malam," kuma bai sake nemana ba.

Na so in ji haushin dillali, na so in ji na Isufu, amma duk inda na juya kaina nake tararwa. Yanzu a garin nan, ko kaskon Fir'auna aka nuna min, kafin in tambayi shekarunsa sai na fara tambaya ko akwai shi a wata kalar.