Ankon Biki a Ɗakin Albarushi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da na so in manta. Sati uku ke nan da faruwar abin.

Ina aiki ne a wani ƙaramin kamfani can bayan Dagenham, a gefen Landan, inda ake sake ɗura harsashi saboda Turawan nan masu wasan harbin faranti a sama. (E, akwai irin wannan wasan, kuma da lasisinsu. Ni ma sai da na tambaya sau biyu.) Nawa aikin jera harsashi a kwali ne da manna takarda. Na sha wahala kafin na samu wurin da 'yar takardar sakandarena, kuma tun ranar farko aka ce mini gwajin wata uku zan yi. Babban kuskure ɗaya, sai gida.

Wanda ya koya mini aiki shi ne Baba Sule, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda a bakinsa mace da namiji duk "kai" ne. Ya tsayar da ni a ƙofar ɗakin albarushi ya ce, "Yarinya, ka san wutan nan da yake tsunkulan mutum in ya taɓa ƙofan mota lokacin sanyi? A waje wasa ne. A nan ciki shi ne Mala'ikan Mutuwa."

Saboda haka ba a shiga da waya. Ba a shiga sai da takalmin da suka bayar, sai kuma an dafa wani ƙarfe da ke bakin ƙofa don wutar jiki ta sauka ƙasa. Uwa uba, sutura sai auduga zalla, don nailan da danginsa su ne masu tara wutar. Oganmu, wani Bature marar yawan magana, har doguwar riga da hijabi na auduga ya sa aka ɗinka mini, da ya ji ba na sa wando.

To, ranar ake kamun ƙawata Zainab a Whitechapel, ƙarfe shida, ni kuma biyar nake tashi. In na koma gida canza kaya, sai dai in tarar ana kwashe kujeru. Sai na yi dabara irin ta masu wayo. Na saka siket ɗin ankon tun da safe, mai santsi da walƙiya, cikinsa duk nailan, na ɗora rigar aiki a kai. Ai ni ba na shiga ɗakin albarushi, in ji ni. (Har yaba wa kaina na yi a madubi, ku ji fa.)

Bayan la'asar sai Baba Sule ya leƙo ya ce in miƙo masa tiren mazurarin ɗura albarushi. Oga kuwa yana tsaye a bakin ƙofar da baƙi biyu, manyan kwastomomi, yana nuna musu yadda muke kiyaye doka. Na dafa ƙarfen, na shiga da tafiyata ta ƙwararriya, hankalina yana can wurin ɗaurin ɗankwalin da zan yi.

Taku huɗu na yi na ji ƙas-ƙas a ƙafafuna. Siket ya manne mini a cinya, gashin hannuna ya mimmiƙe. Na ɗaga kai, ga Baba Sule taku uku a gabana, gwangwanin albarushi a buɗe a hannunsa.

Gaskiya zan faɗa, abin da ya fara zuwa mini shi ne in miƙa tiren shiru in fice. Wa zai sani? In na yi magana, aiki ya tafi, kuma a gaban baƙi. Amma sai na ga hannunsa ya miƙo zai karɓi tiren ƙarfe daga nawa hannun.

"Baba, kar ka taɓa ni! Akwai nailan a ƙarƙashina!"

Da iya ƙarfina na faɗa. Oga ya tambayi abin da ya faru, sai na juya kai na maimaita da Turanci, dalla-dalla, cewa siket ɗina ne na ciki, na biki, mai walƙiya. Ni da ko a gaban yayyena maza ba na shanya ɗan fatari, ga ni ina ba maza huɗu labarin abin da ke ƙasan rigata. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi ja har kunne, ya shiga kallon silin.

Baba Sule ya rufe gwangwanin a hankali ya ajiye nesa. Sannan ya ce, "To, amarya, tsaya nan kaman itace." Ya ɗauko gorar feshin ruwan da ake jiƙa ƙasa da ita, ya feshe ni daga ƙugu har idon sawu. Ya sa na kama ƙarfen jikin bango, na fita da baya, taku ɗaya ɗaya. Duk addu'ar da na sani na karanta a hanyar. (Daga baya ya rantse har ta cin abinci ya ji.)

Ina fitowa na zauna daɓas a ƙasa, jiƙe sharkaf, ina kuka. Na ce, "Baba, da albarushin ya tashi?"

"Wataƙila, wataƙila a'a. Mu dai nan ba mu gwadawa."

Da baƙin suka tafi aka kira ni ofis. Na cire katin shiga na ajiye a tebur tun kafin a nema. Oga ya dube shi, ya dube ni, ya tambaye ni me ya sa na yi magana alhali ba wanda ya gani. Na ce masa Baba Sule yana da jikoki. Sannan ya ce na karya doka, kuma zai rubuta mini gargaɗi ya ƙara mini wata guda a gwaji. Amma wanda yake kora nan take, in ji shi, shi ne mai ɓoyewa. Ya turo mini katina.

Na fito ina share hanci, amma wallahi kaina a sama. Kamu kuwa na je a makare, da jiƙaƙƙen siket, na ce wa 'yan mata ruwan Landan ne, duk da ranar ko yayyafi ba a yi ba.

Har yanzu barcina bai gama dawowa daidai ba, kuma Baba Sule bai daina kirana amarya ba. Sai dai na koyi abu ɗaya. Wauta dai kowa yana yin tasa. In ta zo kanki, 'yar'uwa, ki faɗe ta da babbar murya tun kowa yana da kunnen jin ta.