Yadda Za Ka Mallaki Jirgin Sama Kana Zaune a Sabon Layi

Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin kaka manyan Mubi za su riƙa tsugunawa su gaishe ka. Shaidata Hayatu ɗan kwangila, wanda duk dukiyarsa tsohuwar fijo ce.

1. Kada ka sayi jirgi.
Na gaske yana shan mai, yana son matuƙi Bature. Hayatu hoto ya yanko daga kalanda, ya sa a gilashi, ya rataye a falo.

2. Ajiye shi nesa.
A Mubi ka ce yana Yola. A Yola ka ce yana Kano. Wanda ya matsa, ka ce yana Landan ana canza masa labule.

3. Yi ƙorafi.
Talaka ne ke yabon abinsa. Hayatu kullum kukansa kujerun jirgin sun cika laushi, suna sa masa ciwon baya. Cikin wata uku wani babba a Yola ya ba shi kwangilar gada, da fatan a ɗana shi zuwa Legas.

4. Kada ka taɓa cewa babu.
Wata safiya Zira, malamin makaranta daga Michika, ya zo ya durƙusa gaban Hayatu. Likita ya ce masa a kai matarsa Salome Zariya da gaggawa, ga hanya duk ramuka.

"Alhaji, ban taɓa roƙon kowa ba," in ji shi. "Jirgin nan, yini ɗaya kawai."

Gaskiya ta zo wa Hayatu har bakin leɓe, sai ya ga baƙi uku a falo suna kallonsa. Ya ce gobe jirgi zai iso Yola. Zira ya sallami motar da ya yi shata. Washegari aka ce jibi. Salome ba ta kai jibin ba.

5. Je ta'aziyya.
Zauna a gaba, ka sanar cewa ka kori matuƙin. Haka Hayatu ya yi. Zira ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Alhaji. Kai kaɗai ka tsaya mana."

Hattara: in wani ya riƙe hannunka haka, abin da zai tsaya maka a maƙogwaro ba ruwana. Ni mallakar jirgi na koya maka, ban ce na san yadda ake haɗiye wannan godiya ba.