Malam-buɗe-littafi a Kafaɗar Goggo Dija

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Goggo Dija ta zo ganina, ko da na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina.

Tun ina ƙarama nake son ƙwari. Yara na can suna wasa, ni ina tsugune a gindin bango ina kallon zanzaro yana ɗauko laka yana gina ɗakinsa. Na girma, na karanta ilimin halittu, ciwon bai warke ba. Damuwata ɗaya ce, da na matsa kusa sai su tashi. Shi ya sa na je wani shagon kyamarori a Pantami neman madubin hangen nesa, irin mai ido biyu da ake ratayawa a wuya. Mai shagon ya ce yawancinsu na masu kallon tsuntsaye ne, in abu ya matso sai ya koma dishi-dishi, amma akwai wani ɗan ƙarami da ke fito da abu tar ko da tazarar hannu guda ce. Da yake ya san Baba, sai ya ba ni babba da ƙaramin, ya ce in gwada a gida in zaɓa.

Ita kuwa Goggo Dija ƙanwar mahaifin Bello ce, saurayin da ke nemana. Ita ta rene shi a gidanta na unguwar Madaki, kuma kowa ya san in ta ce yarinya ba ta yi ba, magana ta mutu. Kwana da kwanaki Dada, mahaifiyata, tana yi mini bita: in yafa mayafi, in durƙusa daga nesa, in yi ƙasa da murya, kuma ko da wasa kada in ɗaga ido in dube ta. An ce bayan la'asar za ta zo.

Ranar, da hantsi, na ga lokaci na nan birjik, sai na fita bayan gidanmu na Federal Low-Cost da tsohuwar rigar barci da ɗankwali a karkace. Babban madubin bai yi mini ba, ganye ma sai na ja da baya nake ganinsa. Amma ƙaramin, ina ɗora shi a ido duniya ta sake. Na ga gashin ƙafar kudan zuma ya yi buɗu-buɗu da garin fure kamar mai fitowa daga injin niƙa. Sai ga wani malam-buɗe-littafi, baƙi mai ɗigon fari, fukafukansa kamar an yayyafa wa dare nono. Ya tashi, na bi shi. Ya bi lungun da ke gefen gida, na bi shi, ido a madubi, ina jan ƙafa kamar makauniya. (Abin da mai shago bai gaya mini ba shi ne, madubin nan in ya nuna miki abu guda sai ya ɓoye miki sauran duniya.)

Can ya sauka a kan wani fure ruwan ɗorawa. Na lallaɓa, na sunkuya, na matsa har tazarar hannu, ina murza ɗan maɓallin tsakiya. Da muryar da nake yi wa jarirai magana na ce, "Tsaya haka, kyakkyawa, kada ki motsa."

Ba wanda ya motsa. Na daɗe ina kallo kafin na lura furen nan saƙa ce, da zare a jikinsa, kuma yana hawa yana sauka kamar mai numfashi. Mai hankali da sai ta sauke madubin. Ni ɗaga shi na yi sama a hankali, na wuce wuya, na wuce haɓa, sai ga ido ƙato cike da kwalli yana kallona.

Atamfar Goggo Dija ce. Tana zaune a kan tabarma a barandarmu, Dada ta shiga ɗauko mata ruwa. (Daga baya na ji dabarar tsofaffi ce, a zo kafin lokaci a ga yarinya yadda take. To, ta gani.)

"Kin gama, 'yata," in ji ta, "ko in juya miki ɗaya gefen?"

Na zube a gurin. Ba durƙuson da aka koya mini ba ne. Madubin na reto a wuyana, na ji kaina ina tambayar ya gajiyar biki, alhali ba bikin da aka yi. Dada ta fito da tire, ta dube ni, ta dubi madubin, ta ajiye tiren a gaban Goggo. Goggo ta tambaye ni mene ne wannan, na yi bayani kaina a ƙasa. Ta ce uhm, ta sha ruwanta. Har ta tafi ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba, wanda ya fi komai tayar mini da hankali.

Na wuni a ɗaki ina shirya kalmomin da zan yi wa Bello bankwana da su (har na fara jin daɗin yadda suke fitowa, Allah ya yafe mini). Bayan magariba ya kira, dariya ta hana shi magana. Wai Goggo ta ce ta je duba yarinya, yarinya ta riga ta dubawa. Ta kuma ce wadda ke lallashin ƙwaro da irin wannan murya ba za ta yi wa ɗanta tsawa ba, sai dai ranar da zan je gaishe ta in bar na'urar a gida, don ita haƙoranta ba su cika ba.

Har yau ina bin ƙwari, ban tuba ba. Abin da na koya kawai, kafin in gaya wa fure yana da kyau, nakan fara sauke madubi in tabbatar ba kowa a cikinsa.