Kaset Ɗin Maman Abdulai

Na daɗe ina tara waƙoƙin wani Bature mawaƙi mai salon kiɗan rok, mai murya kamar ta mai mura. Mu bakwai ne masoyansa a Tamale, ni na naɗa kaina shugaba.

Wata rana a unguwar Lamashegu, cikin kayan gwanjon Turai, na tsinci kaset da sunansa rubuce da biro. Nan take na yanke hukunci cewa wasansa ne na kafin ya yi suna, wanda duniya ke nema. Na ƙi saurara ni kaɗai, wai kada zaren ya gaji.

Ranar Asabar bayan la'asar na tara su a ɗakina a Nyohini. Na yi jawabi, na hana tari, na danna rediyo.

Sai muryar wata tsohuwa: "Salamu alaikum, Abdulai, mamanka ce. An ce can akwai sanyi, ka riƙa sa riga biyu. Kuma yaushe za ka yi aure?"

Ashe saƙo ne irin na da, wanda iyaye ke ɗauka a kaset su aika wa ɗansu a waje. Ta shafe mawaƙina kaf.

Babu wanda ya yi dariya. Na miƙa hannu zan kashe, Fuseini tela ya ce, "Shugaba, babba na magana." Haka muka saurara har ƙarshe, muna amsa addu'arta da amin.

Har yau in na wuce shagonsa, sai ya tsayar da ɗinki ya ce, "Shugaba, Hajiya ta saki sabon faifai?"