Kaset ɗin Mai Bakin Cokali

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da wani tsuntsu, wanda ko a Najeriya ba ya zama, ya kusa raba ni da matar da nake so. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ni kuma ina da ɗan shagon gyaran bidiyo da talabijin a Agege, cikin Legas. Unguwa duk injiniya ake ce mini, ni kuma ba na musawa.

Ina neman auren Rakiya, 'yar Alhaji Sule mai fata. Kawuna ya je tambaya, Alhaji ya ce za a yi shawara, daga nan shiru. Labarin da ya iso mini ta bayan gida shi ne, Alhaji ya ce shi bai yarda da ɗan Legas mai harkar bidiyo ba, wai irinmu idonmu ya gama buɗewa, ba sauran kunya a ciki. Abin ya yi mini ciwo, don wallahi ko hangen motarsa na yi sai na canza hanya.

Ana cikin haka sai Gwaggo Laure, yayar Alhaji, wadda ke zaune a gidan, ta biyo ta shagona. Ta ce bidiyon Alhaji ya fara taunar kaset, har ya cinye masa na aikin Hajji, ya ce in zo in duba. Na san ba inji kaɗai za a duba ba. Na sa kaftanin Sallah, na ɗauki kayan aiki, na tsaya tunanin kaset ɗin da zan yi gwaji da shi.

Kowane mai gyara yana da kaset ɗin gwaji. Yawancin abokan sana'ata fim ɗin Indiya suke sawa, ni kuwa nawa na tsuntsaye ne, na tsinto shi a kasuwar Alaba cikin wani tsohon inji da aka kawo daga waje. Ina son sa don tsuntsun fari ne fat, bakinsa baƙi wuluk, da ka kalla za ka san ko launi ya daidaita. Farkonsa na haddace kamar sunana. Abin da ban taɓa yi ba shi ne kallonsa har ƙarshe (mai gyara ba ya kallon fim, da hoto ya fito sai ya cire ya rufe inji). Na ce ai babu kaset mai kamun kai kamar wannan, ba rawa, ba waƙa, ba mace ko ɗaya.

Na isa, na cire takalmi tun daga ƙofa, na tsugunna na gaishe shi. Ya amsa ba yabo ba fallasa, ya nuna mini injin da carbi. Aikin ba wuya, roba ce ta saki, kan da ke karanta kaset kuma ya yi datti. Na gyara, na sa kaset, hoto ya fito tar. Sai bakina ya ja ni, na ce, "Baba, yanzu ko tsayar da hoto aka yi, cak zai tsaya, ba zai yi rawa ba." Na miƙa hannu zan cire, sai ya ce, "Dakata. Wannan wace irin balbela ce da ludayi a baki?"

Na ce ba balbela ba ce, a Ostireliya yake, Turawa suna ce masa mai bakin cokali na sarauta. Ya ce in bar shi, in riƙa gaya masa abin da Baturen da ke bayani a kaset ɗin yake cewa. Ya kira Gwaggo ta zo ta ga ikon Allah.

Nan fa na samu fili. Na gyara zama a kan kafet, na shiga fassara har da ƙarin gishiri. Na nuna musu dogayen ƙafafunsa baƙaƙe, da yadda yake tafiya a ruwa mara zurfi yana kaɗa baki dama da hagu, bakin a ɗan buɗe. Na ce ba da ido yake farauta ba, a cikin cokalin nan yake jin motsi, da ƙaramin kifi ko jatan lande ya taɓa shi sai ya datse. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Kenan ko ruwa ya gurɓace zai ci abinci." Na ce, "Sosai ma, Baba." Zuciyata ta ce yau kam aure ya ɗauru.

A daidai nan sanina ya ƙare, amma kaset bai ƙare ba. Baturen ya ce damina ta zo, tsuntsayen sun canza kama. Dogayen gashi farare suka fito musu a ƙeya kamar tukku, ga ɗigon rawaya a saman kowane ido, ga ja a goshi. Gwaggo ta ce, "Kai, wannan ai kwalliyar biki ce." Na ce haka ne, shi ya sa ake danganta shi da sarauta. Namijin ya ɗauko kara ya kai wa macen, suka riƙa rusuna wa juna, suna buga baki, tukkun nan a miƙe. Duk mai hankali a nan zai gane inda aka dosa. Ni kuwa daɗin baki ya ɗebe ni, ina cewa, "Kun ga ladabi, Baba, har gaisuwa suke yi. Yanzu kuma namijin zai..."

Sai namijin ya yi tsalle ya haye.

Na kai hannu da sauri zan kashe. Rubutun maɓallan injin ya goge, garin gaggawa sai na danna na tsayar da hoto. Hoton kuwa ya tsaya cak, yadda na yi alkawari, ba rawa ko kaɗan, fukafukai a buɗe, launi ya fita rangaɗaɗau. Ban taɓa yin gyara mai kyau kamar na ranar nan ba.

Gwaggo ta ce, "Zai me, injiniya?" (Ta fi ni sani, tsokana ce kawai.) A daidai lokacin labule ya ɗaga, Rakiya ta shigo da tiren zoɓo. Ta kalli talabijin, ta kalli babanta, ta kalle ni, ta dire tiren ta fita, takalminta ɗaya ma a nan ta bar shi. A Agege da ba a wuni ba a ɗauke wuta ba, na yi addu'a a ɗauke, wuta ta ƙi tafiya. Ina tsugune gumi na bin bayana, na tabbata mutumin nan ya sami hujjar da yake nema.

Alhaji ya ƙura wa talabijin ido. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Injiniya, ka sake su mana. Ka tsayar da bayin Allah a haka, su ma ai suna da kunya." Gwaggo ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Baba, bari in cire." Ya ce, "A'a. Ka fara, ka ƙarasa."

Na ci gaba da fassara da wata 'yar murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Aka nuna sheƙar kara a kan bishiya, ruwa a ƙasa, ga ƙwai masu ɗigo-ɗigo. Macen ta tashi, ɗayan ya zo ya kwanta a kai. Alhaji ya matso gaba ya ce, "Wannan namijin ne?" Na ce shi ne, kwanci karɓa-karɓa suke yi, idan an ƙyanƙyashe ma tare suke ciyarwa. Ya ci gaba da kallo. Gwaggo ce ta yi magana, wannan karon ba dariya. Ta ce lokacin da uwar Rakiya ta rasu yarinyar tana rarrafe, ita kuma tana Arewa a gidan miji, Alhaji da kansa ya yi rainon abarsa, a kafaɗa yake zuwa da ita rumfar fata abokansa suna masa ba'a. Alhaji ya ce, "Yaya, bar wannan zance." Amma idonsa bai bar talabijin ba. Sai a lokacin na fahimci shirun da ya yi wa kawuna, ashe tsoron hannun da zai miƙa wa 'yarsa yake yi.

Kusa da ƙarshe Baturen ya ce aibin tsuntsun ɗaya ne, ba ya son takura, idan aka dame shi da yawa sai ya tashi ya bar ƙwai. Na fassara yadda yake. Alhaji ya juyo, karo na farko ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "To kai fa? Idan abu ya yi zafi, tashi kake yi?"

Ban san daga inda amsar ta zo ba. Na ce, "Baba, ai ɗazu ya yi zafi, ga ni a zaune."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Na gani. Na kuma ga yadda kake ta satar kallon ƙofa. Ka ce wa kawunka ya zo bayan Juma'a."

Daga baya Gwaggo ta gaya mini cewa gumin da na yi ne ya cece ni, wai Alhaji ya ce mara kunya ba ya jiƙa kaftani haka. Har ta bar duniya Bakin Cokali take kirana. Da Rakiya ta haifi ɗanmu na fari, Alhaji ya zo wata rana ya same ni da jariri a kafaɗa ina zagaye tsakar gida, ita tana barci. Ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Injiniya, kwanci ake yi?" Na ce, "Layina ne, Baba." Ya juya da sauri wai zai gyara takalmi, amma na ga idonsa ya ciko da ƙwalla.

Tun daga ranar nan ba na sa wa kowa kaset sai na kalle shi har inda hoto ya ƙare, ko da na tsuntsaye ne. Kuma idan zan yi wa suruki alfahari da aikina, ba na farawa da maɓallin tsayar da hoto.